Mun Ba da Manhajarmu Kyauta, Wani Kamfani Yana Sayar da Ita

Assalamu alaikum Malam. Ni da wani abokina, tun muna jami'a a Zariya, muka rubuta manhajar riƙe lissafin makarantun Islamiyya: sunayen ɗalibai, kuɗin wata, da inda kowane yaro ya tsaya a hadda. Shekara uku muna aikinta da daddare. Da za mu ɗora ta a GitHub, shafin intanet da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, abokina ya ce mu saka mata lasisin MIT, wato takardar da ke faɗin abin da aka yarda wasu su yi da manhajar, na ce to, ko karantawa ban yi ba. Watan jiya wani shugaban makaranta ya nuna min wata manhaja da suke shiga ta intanet suna biyan kuɗi duk wata. Ina dubawa na gane tamu ce, har wani kuskuren rubutu da na yi a shafin rasit yana nan. Kamfanin ya sauya suna da launi, ya ƙara biyan kuɗi ta banki, bai kuma buɗe abin da ya ƙara ba. Na ce mu koma lasisin GPL, mai tsauraran sharuɗɗa, yau-yau. Abokina ya ce ai don a amfana muka rubuta, hassada ce kawai ke damuna. Sati uku ke nan ba ma magana. Akwai mutum huɗu da suka taɓa turo mana gyara. Ni ke da gaskiya ko shi?

Ƙaninka daga Zariya

Wa alaikumus salam, ƙanena.

Ba hassada ba ce. Mutum ya shekara uku yana hana idonsa barci, sannan ya ga kuskuren hannunsa a cikin kayan da wani ke karɓar kuɗi a kansu, dole abin ya sosa masa rai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, haka kake ji, kuma ban ga laifinka ba. Sai dai akwai maganar da ba za ta yi maka daɗi ba, kuma gara ka ji ta tun daga farko: bisa abin da ka faɗa min, da wuya a ce kamfanin nan sata ya yi. Ku kuka buɗe masa ƙofa, da rubutun hannunku.

Ka buɗe fayil ɗin lasisin da ke cikin manhajarku ka karanta shi yau. Bai cika shafi ɗaya ba. Ya ce duk wanda ya samu kwafi yana da izinin ya yi amfani da shi, ya kwafa, ya gyara, ya haɗa da wani abu, ya rarraba, ya ba wani izini, ya kuma sayar. Kalmar sayarwa tana nan ƙarara. Lasisin MIT kamar randar da ake girkewa a ƙofar gida ce da moɗa a kai. Ɗan makaranta zai sha ya wuce, mai tura kura zai sha, haka wanda zai cika jarka ya je tasha ya sayar. Mai randa bai rubuta wanda aka hana ba.

Sharaɗi ɗaya tak lasisin ya gindaya, kuma a nan ne haƙƙinka yake. Duk kwafin da aka yi, ko wani babban ɓangare na manhajar, dole ya tafi da sanarwar haƙƙin mallakarku, wato sunayenku da shekara, tare da rubutun lasisin kansa. Don haka ka koma wurin shugaban makarantar nan, ka roƙe shi ya ara maka wayarsa. In kamfanin yana da manhajar da ake saukewa a waya, ka shiga shafin bayanin manhajar, ka gangara har ƙasa inda ake jera lasisin kayan da aka aro. In ka ga sunayenku, sun cika sharaɗi. In sun goge, sun saɓa wa abu ɗaya tilo da kuka nema daga gare su, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare manhajar kwamfuta kamar yadda take kare rubutaccen littafi. Ka ɗauki hoton shafin, ka rubuta musu wasiƙa cikin ladabi ka nemi su mayar da sunayenku. Kada ka fara da fallasa a Facebook. In suka yi kunnen ƙashi, sai ka nemi lauyan da ya san harkar haƙƙin mallaka.

Ba kai ne farkon wanda ya ji irin wannan ɗacin ba. Farfesa Andrew Tanenbaum na wata jami'a a Amsterdam ya rubuta MINIX a 1987 don koyar da ɗalibai yadda tsarin gudanar da kwamfuta yake aiki. Daga baya aka saka masa lasisin BSD, ɗan'uwan MIT wajen sassauci. Kamfanin Intel ya ɗauki MINIX ya dasa shi a cikin wani ɓoyayyen sashe na na'urorinsa, har ya shiga kwamfutoci miliyoyi a duniya. Tanenbaum bai san an kai ga haka ba sai a 2017, ta bakin 'yan jarida. A buɗaɗɗiyar wasiƙar da ya rubuta wa Intel bai nemi ko sisi ba, bai kuma yi nadamar lasisin ba. Abin da kawai ya ce shi ne da ya ji daɗi a ce an sanar da shi, ko don mutuntawa. Ka lura, har mutumin da ya yarda da sassauci ɗari bisa ɗari, rashin sallamar ce ta taɓa shi. Ina kyautata zaton rabin ciwonka shi ke nan: da mutanen nan sun kira ku sun ce mun ɗauki aikinku, Allah Ya saka, da wasiƙarka ba ta yi zafi haka ba.

Sannan maganar komawa GPL yau-yau. Duk abin da kuka riga kuka fitar da lasisin MIT, bakin alƙalami ya bushe. Kwafin da ke hannun kamfanin zai ci gaba da zama halalinsa, ya gyara ya sayar yadda ya ga dama. Sabon lasisi sabon aiki kawai yake hawa. Manyan kamfanoni ma sun gwada sun gani. A watan Maris na 2024 kamfanin Redis ya janye manhajarsa daga lasisin BSD saboda manyan kamfanonin da ke ba da hayar kwamfutoci ta intanet suna cin riba da ita. Ba a daɗe ba wasu suka ɗauki kwafi na ƙarshe da ya fita da BSD, suka raɗa masa suna Valkey, suka ci gaba da shi a ƙarƙashin Gidauniyar Linux, da goyon bayan Amazon da Google. A watan Mayun 2025 Redis ya sake buɗe manhajarsa, wannan karon da lasisin AGPL, wanda zan yi maka bayaninsa nan gaba. In fushi ne zai sa ka sauya lasisi don ka rama, ihu bayan hari ne. In kuma don gobe za ka sauya, wannan magana ce mai ma'ana, kuma ita nake so mu tsaya a kai.

GPL daga irin ɓacin ranka ta samo asali. Wajen 1980 Richard Stallman yana aiki a wani ɗakin bincike na jami'ar MIT a Amurka. Suna da na'urar buga takardu ta Xerox da ke yawan cushe takarda. Ya so ya gyara manhajarta yadda za ta riƙa sanar da mutane in ta tsaya, kamar yadda ya yi wa wadda suke da ita kafin nan, amma aka hana shi kod ɗinta, wato asalin rubutun da aka gina ta da shi. Wanda ya roƙa ya ce ya sa hannu a yarjejeniyar rufe sirri. A 1983 Stallman ya sanar da shirin GNU na gina tsarin gudanar da kwamfuta da kowa zai iya gyarawa, a 1985 ya kafa gidauniyar manhaja mai 'yanci, a 1989 GPL ta farko ta fito. Dabararta ita ce ta yi amfani da dokar haƙƙin mallaka ta juya ta: ka ɗauka, ka gyara, ka sayar ma in ka so, amma duk wanda ka miƙa wa manhajar, dole ka miƙa masa kod ɗin tare da gyaran da ka yi, a kan sharaɗin da kai ma ka karɓa. Wannan gayya ce. An taru an nome maka gona, to ranar gonar maƙwabci ba ka da bakin cewa kana da uzuri. Ka riƙe wannan da kyau, domin mutane da yawa suna kuskure a nan: GPL ba ta hana kasuwanci ba, rufe ƙofa bayan ka shiga ta hana.

Kuma tana aiki. Linus Torvalds ya mayar da Linux, ƙashin bayan tsarin gudanar da kwamfuta da ya rubuta, ƙarƙashin GPL a 1992, shi ya sa har yau kamfanonin da ke gaba da juna a kasuwa suke zuba gyaransu a tukunya ɗaya. A 2003 aka gano cewa wata na'urar rarraba intanet ta Linksys, samfurin WRT54G, da Linux take aiki amma ba a fitar da kod ɗinta ba. Aka matsa wa kamfanin lamba ya fitar. Daga wannan kod ɗin aka gina manhajar OpenWrt a 2004, wadda har yanzu mutane ke ɗora ta a kan na'urori iri-iri. Da lasisin sassauci ne, da babu wanda ke da hurumin tambaya.

To amma ga inda nake so ka nutsu. Ko da tun farko GPL kuka saka, mai yiwuwa kamfanin nan ya tsallake. Sharaɗin GPL yana tashi ne lokacin da aka miƙa wa wani kwafin manhaja. Kai kuwa ka ce makarantu ta intanet suke shiga. Ke nan babban aikin yana gudana ne a kwamfutar kamfanin, makaranta shafi kawai take gani, ba a miƙa mata kwafin abin da ke can ba. Kamfani zai iya ɗaukar manhaja mai GPL ya gyara ta son ransa, ya riƙa karɓar kuɗin wata, bai saɓa wa komai ba. Don toshe wannan kafar aka fitar da AGPL a watan Nuwamban 2007. Ita ta ce in ka gyara manhajar kuma mutane suna amfani da ita ta intanet, to suna da haƙƙin samun kod ɗin da ka gyara. Dandalin sada zumunta na Mastodon da ita yake tafiya. Sati uku kana gaba da amininka a kan GPL, alhali ba ita ce maganin abin da ya same ku ba.

Kowane sharaɗi kuma da kuɗinsa. Google ya hana ma'aikatansa saka kod mai AGPL a cikin kayan kamfanin. Apple ya shekara da shekaru yana riƙe da tsohon samfurin bash, manhajar da ake rubuta wa kwamfuta umarni ta cikinta, bai ɗauki sababbin da suka fito da GPL ta uku ta 2007 ba, har a 2019 ya mayar da wata makamanciyarta, zsh, a gurbinsa. Ranar da ka tsaurara sharaɗi, wasu za su juya su tafi, ciki har da waɗanda da sun zauna da sun amfane ka. Sannan lasisi ba ya kai kansa kotu. Ƙararrakin da aka shigar a Amurka daga 2007 a kan BusyBox, wata manhaja mai GPL da kamfanoni suka saɓa wa sharaɗinta, lauyoyi ne suka tsaya wa masu manhajar. Ka tambayi kanka wa zai tsaya maka.

Saboda haka kada ka ɗauki abokinka a matsayin wanda bai san ciwon kansa ba. Yana da manyan mutane a bayansa. FreeBSD, wadda ita ma tsarin gudanar da kwamfuta ce, lasisin sassauci gare ta. Sony ya gina tsarin PlayStation 4 a kanta ya rufe, amma Netflix da ke amfani da ita wajen isar da bidiyo yana mayar da gyare-gyarensa, ba don an tilasta masa ba, sai don riƙe gyara a ɓoye yana da wahala duk lokacin da asalin manhajar ya ci gaba. Stallman kansa, wanda babu mai kaifin ra'ayi irinsa a wannan fage, ya amince a 2001 da a mayar da kod ɗin Ogg Vorbis ƙarƙashin lasisi irin na BSD. Dalili shi ne ana so wannan tsarin adana sauti ya shiga kowace na'ura ya yi gogayya da MP3, wanda a lokacin yake ɗaure da haƙƙin ƙirƙira. Inda buƙata ita ce abu ya bazu ko'ina, sassauci ya fi. Inda buƙata ita ce kada a ƙwace wa mai amfani 'yancinsa, sharaɗi ya fi.

Ga ra'ayina a kan taku manhajar, kuma ba zan yi maka kwana-kwana ba. Wa kuka rubuta wa ita? Malamin Islamiyya ne mai ɗalibai ɗari biyu da littafin rajistar da ruwa ya taɓa jiƙawa. Shi ba ya karanta kod, amma shi ne zai shiga uku ranar da kamfanin ya ninka kuɗin wata, ko ya rufe, alhali lissafin haddar yara na shekara biyar yana kulle a kwamfutar da bai san inda take ba. In kod ɗin da kamfanin ya gyara a buɗe yake, kowane matashi mai ilimin kwamfuta a unguwa zai iya ɗora masa manhajar a wani wuri, ba sai ya koyi sabuwa daga farko ba. Don wannan malamin nake ganin gangar jikin manhajar ta cancanci AGPL daga fitowa ta gaba. A nan na fi karkata gare ka.

Amma na tabbata a cikinta akwai ƙananan ɓangarori da za su iya tsayawa da ƙafarsu. Manhajar Islamiyya ba ta rasa abin juya kwanan wata tsakanin Hijira da Miladiyya, ko abin jera sunaye yadda Ɗahiru ba zai faɗa cikin masu harafin D ba, Ƙasimu kuma ba zai koma alamar tambaya a kan rasit ba. Irin waɗannan ku ciro su ku ware, ku bar su a MIT, ko ku saka musu Apache 2.0 ta 2004, wadda ta ƙara kariya a kan rigimar haƙƙin ƙirƙira. Ni burina kowane banki da kowane asibiti su ɗauke su, ko da ba za su mayar da komai ba, domin ribar ita ce a daina lalata mana sunaye. A nan abokinka ne da gaskiya. In kuma kuka kasa daidaitawa a kan gangar jikin, akwai tsaka-tsaki irin MPL 2.0 ta Mozilla, wadda ke cewa fayil ɗin da aka gyara a cikin naku ya zauna a buɗe in an rarraba shi, abin da mutum ya ƙara a nasa fayil kuma nasa ne. Sai dai ka sani ita ma ba ta toshe kafar intanet ɗin nan ba.

Game da mutum huɗun nan da abokinka: a dokance MIT ta ba kowa dama ya ɗauki kod ɗin ya ci gaba da shi a ƙarƙashin lasisi mai tsauri, muddin ya bar tsohuwar sanarwar. Wato ko kai ɗaya za ka iya ɓallewa gobe ka buɗe naka reshe da AGPL ba tare da ka nemi izinin kowa ba. Ina roƙonka kada ka yi. Abin da kamfanin ya yi maka ke nan, ya bi harafin lasisi ya tsallake sallama, kuma ka ɗanɗana yadda yake. Ka rubuta wa mutum huɗun ɗaya bayan ɗaya ka gaya musu abin da ake ciki. Ka kuma san cewa wannan ƙofa shigarta ta fi fitarta sauƙi. Da zarar mutane sun fara turo gyara a ƙarƙashin AGPL, ba za ku iya sassautawa ba sai da yardar kowannensu. Masu manhajar kallon bidiyo ta VLC da suka so sassauta lasisin injin manhajarsu daga GPL zuwa LGPL, ƙanwarta mai ɗan sauƙi, a 2011, sai da suka bi masu gudummawa ɗaya-ɗaya suna neman amincewa. Don haka in kuna da niyyar wata rana ku sayar wa kamfanoni izini na daban, kamar yadda masu manhajojin Qt da MySQL suke yi, to tun yanzu ku rubuta yarjejeniya da duk mai turo gyara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Saura maganar kuɗi, wadda ba ka ambata kai tsaye ba amma ina jin ta a ƙarƙashin wasiƙarka. Babu lasisin da zai saka maka naira a aljihu. Dubi abin da makarantu ke biya: ba kod suke saya ba, tunda yana nan kyauta a GitHub. Suna biyan wanda ya zo har ofis ya shigar musu da sunayen yara, ya haɗa musu biyan kuɗi ta banki, yake ɗaga waya in abu ya tsaya ranar rabon sakamako. Babu wanda ya hana ku yin wannan, kuma babu wanda ya san cikin manhajar nan kamar ku biyu. Shugaban makarantar da ya nuna maka ita, ka tambaye shi me ke ba shi wahala a cikinta. Wasiƙar da za ka rubuta wa kamfanin ma, ka bar ƙofa a buɗe a ƙarshenta. Suna tsaye ne a kan ginin da ba su suka yi ba, kuma ranar da ya tsage za su buƙaci magini.

Abokinka ya yi kuskure da ya kira ciwonka hassada, kai ma ka yi naka da ka amince da takardar da ba ka karanta ba sannan ka ɗora masa laifin abin da ta haifar. Kada ka tura masa saƙo a WhatsApp. Ka je gidansa bayan sallar isha'i, lokacin da kuka saba zaman aiki. Ka fara da cewa kai ma da yardarka aka saka MIT. Sannan ka nuna masa hoton rasit ɗin nan mai kuskurenka, ka ce masa ba kuɗinsu ne ya dame ka ba, ganin wannan ne. Ka bar shi ya faɗi abin da yake tsoro in an tsaurara lasisi, ka saurara har ya gama. Bayan nan ku buɗe kwamfuta ku bi fayilolin ɗaya bayan ɗaya, kuna ware na randa da na gayya. Wasiƙar kamfanin kuma ku rubuta ta tare, ku sa mata hannu ku biyu, tunda sunayenku biyu ne a kan sanarwar.